Gidan Agabba: Asalin Sarakunan Adar da Tushen Dukiyarsu

 

Sharhinmu na yau a kan gidan Sarkin Adar ne, zuriyar Agabba, gidan da ya haura shekara 300 yana riƙe da sunan wannan ƙasa. Daga ina suka fito, kuma mece ce dukiyarsu? Ba don nishaɗi na ɗauko zancen ba. Kowa ya sani, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, zauren sarki da na mai gari sai su cika da masu ƙarar gona, kuma maganar da ta fi yawo a bakin masu gardama ita ce: ƙasar kakanninmu ce. To, ya kamata mu san su wane ne kakannin, da yadda ƙasa ta shiga hannun kowa.

A bakin maroƙa da dattawan fada, 'ya'yan wannan gida Istambulawa ne. Labarin da ake bayarwa shi ne, ƙabilun Abzinawa sun gaji da faɗa tsakaninsu, kowace ta ƙi yarda ɗan wata ya hau kanta, sai suka tashi manzanni zuwa Istambul, suka roƙi sarkin can ya ba su ɗansa ya zame musu mai raba gardama. Aka ba su Yunusa, wanda rubutattun tarihin Agadas suka sa hawansa wajen shekarar 1405. Masana suna da ja a kan wannan, kuma jan nasu da ƙarfi, domin a 1405 birnin Istambul bai shiga hannun Turkawa ba tukuna, sai a 1453 Sultan Muhammadu al-Fatih ya ci shi. Farfesa Djibo Hamani na Jami'ar Yamai, wanda ya wallafa littafi a kan tarihin Adar kafin zuwan Nasara a 1975, da sauran masu bincike, a cikin ƙasashen Sahara suke neman asalin gidan. Amma kada mu yar da labarin gaba ɗaya, akwai gaskiya a cikinsa wadda ta fi sunan birni muhimmanci. Sarkin da aka kawo baƙo ne, ba shi da rijiya, ba shi da makiyaya, ba shi da ƙabilar da zai goya wa baya. Saboda haka ne ma kowa ya yarda da hukuncinsa.

Me ya kawo 'ya'yan sarkin Abzin nan kudu? Hatsi da hanya. Abzin ƙasar duwatsu ce, akwai raƙuma, akwai dabino, ga gishirin Tigidda da na Bilma yana ratsawa, amma ba ta noma abin da zai ci da ita. Adar kuwa, duk da fakonta da duwatsunta, tana da kwarurruka masu laka, irin su Magiya da kwarin Keita da na Badagishiri, kuma ta nan ayari ke bi zuwa Kabi da sauran ƙasar Hausa. A lokacin Adar tana ƙarƙashin Kabi, daular da Kanta ya kafa. A zamanin Sarkin Abzin Muhammadu al-Mubarak, wanda ya yi mulki daga 1654 zuwa 1687, ɗansa Agabba ya jagoranci rundunar da ta karya Kabawa a 1674, Adar ta koma hannun Agadas. Da mahaifinsa ya rasu, Agabba ya hau gadon sarautar Abzin. A 1721 ɗan'uwansa al-Amin ya tuɓe shi, sai ya juyo ƙasar da ya ci da yaƙi tun zamanin mahaifinsa, ya zauna a Birnin Adar. Daga nan sarautar Sarkin Adar ta tsiro, ta yi ƙaura daga baya har ta tabbata a Ilela, inda take har yau.

Ba shi kaɗai ya zo ba. Tare da shi akwai Lisawan, Abzinawan da suka taya shi yaƙi, waɗanda suka zama masu zaɓen sarki, suna kuma karɓar haraji a sassan ƙasar da aka ba su. Gidan sarautar Keita daga cikinsu ya fito.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai. Da Agabba ya iso, ba kango ya tarar ba. Ya tarar da Azna, manoma da mafarauta, waɗanda wasu zuriyoyinsu ke cewa kakanninsu daga ramukan duwatsun nan suka fito, wato babu wanda ya riga su. Garin Tawa kansa daga ƙauyukan Azna biyu ya tashi, Bilbis da Fakawa. A wurin waɗannan mutane, wanda ya fara sare daji shi ne ya ƙulla alkawari da wurin, kuma zuriyarsa ce ke buɗe shekarar noma, ita ke nuna wa baƙo inda zai kafa bukka da inda zai sa gatari. Nicole Echard, Bafaransiyar da ta zauna cikin manoman Adar tana tattara tarihinsu daga baki, ta rubuta wannan dalla-dalla. Ragowar al'adar tana nan, wanda ya taɓa zuwa arwar Masallata kusa da Ƙonni ya gan ta da idonsa. Mu Musulmi mun bar tsafin, alhamdu lillahi, amma haƙƙin saran daji bai bar mu ba, har gobe da shi ake kafa hujja a gaban sarki.

Sababbin masu mulki ba su bi gona gona suna aunawa suna rabawa ba. Ba abin da suka zo nema ke nan ba. A Ingila, bayan da Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar a 1066, ya raba ta ga manyan mayaƙansa, a 1086 kuma ya sa aka rubuta kowane fili da mai shi a cikin littafi. Har yanzu akwai gidajen sarauta a can, irin gidan Grosvenor, da ke karɓar kuɗin haya daga unguwanni masu tsada a tsakiyar London. Adar ba haka take ba. A wancan zamani daji ya yi wa mutane yawa. Wanda sarki ya matsa wa, sai ya ɗaure kayansa bisa jaki ya yi gaba, ya sari wani dajin. Fili ba tare da hannun da zai nome shi ba, ba ya ƙara wa kowa ko zangarniya ɗaya.

Don haka dukiyar gidan Agabba jama'a ce. Damman hatsi da ƙauyuka ke kawowa bayan kaka, kuɗin fito daga ayarin da ke ratsa ƙasa, gaisuwar mai neman sarauta ko mai neman shari'a, ganimar yaƙi, dawaki, raƙuma, da bayi. Kuma abin da ya shigo ta ƙofar fada, yawancinsa ta ƙofar yake fita. Sarkin da bai ciyar da mayaƙa ba, bai tufatar da malamai da fadawa ba, bai buɗe rumbu ranar yunwa ba, ba ya daɗewa bisa gado. Abin da talaka ke samu a madadin daminsa shi ne tsaro: ya yi shuka, ya yi girbi, ba a kwashe masa 'ya'ya ba.

Shaidar wannan magana tana cikin abin da ya faru a ƙarni na 19. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya tashi a 1804 a maƙwabtanmu ya girgiza Adar, gidan sarautar ya rabu, wasu suna tare da Sakkwato, wasu suna gaba da ita. Muhammadu al-Jilani ya ta da nasa jihadin a arewa, wani jagora mai suna Ibra ya tashi ya karya shi. Abzinawan Kel Geres suka yi ƙarfi a kudu maso gabas. Iwillimidan na Kel Dinnik suka shimfiɗa ikonsu a arewacin Adar, har da yankin Tawa. Sarkin Adar yana nan da tamburansa da sunansa, amma damman ƙauyuka da yawa sun canza hanya, suna tafiya wurin wanda takobinsa ya fi kusa. Sarki goma, zamani goma. Da a ce dukiyar gidan gonaki ce da aka auna aka rubuta, da ba ta zube haka cikin 'yan shekaru ba. Manomi kuwa ya sha wuya a wannan zamani. Ƙauyuka da dama sun hau kan duwatsu don gudun hari, mutum yana noma yana waiwaye.

Akwai ɓangaren wannan tarihi da ba mu son faɗa a bainar jama'a, amma sharhi a kan dukiyar manya da ya tsallake shi ya yi ƙarya. Kaso mai yawa na arzikin masu mulkin Adar, Hausawansu da Abzinawansu, guminsa na bayi ne. Su ke kiwon garken, su ke jan ruwa a rijiya mai zurfi, su ke daka, wasu kuma an zaunar da su a tungaye suna noma suna kai wa iyayengijinsu. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a watan Disamba na 1905, amma takarda ba ta kwance igiya rana ɗaya ba. Sai bayan 1917, lokacin yaƙin Kawusan, da Nasara suka karkashe manyan mayaƙan Kel Dinnik, mutane da yawa suka samu sararin zama da kansu, suka sari daji, suka kafa ƙauyuka. Jikokinsu suna nan, maƙwabtanmu ne, tare muke sahu a masallaci. Kuma har yau akan samu wanda zai tashi ya ce wa irin wannan manomi: kakanka na kakana ne, saboda haka gonarka tawa ce. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokar 2003, kuma a watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatinmu da laifin kasa kare Hadijatu Mani, 'yar jiharmu ta Tawa, daga bauta. Wanda duk ya kafa hujjar mallakar gona bisa cewa ya gaji mai nomanta, ya sani hujjarsa ta mutu a doka, kuma ba ta da kyau a gaban Allah.

To, yaushe sarauta ta haɗu da ƙasa har ake ganin abu ɗaya ne? A zamanin Nasara. Sun kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, suka karya Kel Geres a Galma a 1901, sannan suka yanka Adar kanto kanto: Tawa, Kalfu, Bambai, Tamaske, Keita, Garhanga, Buza, Ilela da sauransu. Sarkin Adar, wanda kakansa ya riƙe ƙasar duka, ya zama ɗaya cikin sarakunan kanto. Wasu gidajen da muke gani yau da tambura, a wannan rabo suka samu sarautarsu, kuma faɗin haka ba raini ba ne, tarihi ne. Nasara suka ja wa kowane sarki iyaka a taswira, suka ɗora masa tara haraji da kuɗi, suna yanka masa wani kaso, suka sa shi fitar da samari aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Tun da yanzu akwai iyaka, kuma komanda sarki kaɗai ya sani, duk dajin da ba a noma a cikin kanto sai ya zama a bakin sarki yake. Shi ke ba baƙo, shi ke karɓar dami a kai, talakawa kuma suna yi masa gayya a gandunsa. Ikon da yake bisa mutane a da, sai ya sauka bisa ƙasa.

Gwamnatocinmu na 'yan ƙasa sun ga wannan, sun kuma yi ta kai hannu. A watan Mayu na 1960 gwamnatin Diori Hamani ta hana karɓar ushirin da ake biya a kan gonaki. A 1961 aka ja iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa jiharmu, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya. A 1962 aka soke gatan da sarakuna ke da shi a kan filayen sarauta. Ranar 18 ga Disamba 1974 Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta wanda ke nomanta ce, ko ta wace hanya ta zo hannunsa. Talakawa sun yi murna, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai shelar ba ta zama rubutacciyar doka ba, kuma ta jawo abin da ba a zata ba: masu gonaki suka ji tsoron ba da aro, wasu suka karɓe wanda suka bayar tun ba a ce ya zama na mai aro ba. Da Kunce ya rasu a 1987, tsofaffin ƙararraki suka farfaɗo. Da yawa daga rigimar gona da ake yi a yau, in ka bi diddiginta, za ka tarar mutum biyu ne kowa yana riƙe da zamanin da ya ba shi gaskiya.

Ana cikin haka ƙasa ta ƙare. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 300 a jihar Tawa kaɗai, kusan yawan mutanen Nijar duka a lokacin samun 'yanci. Saura ta ɓace, gonar da ake bari ta huta shekaru yanzu kowace damina sai an shuka ta. Burtali ya ƙuntace. Fadamar da ke ba da albasa, daga Galmi zuwa Tamaske, ta zama zinariya. Ko fako, wanda a da ko kyauta ba mai so, ya yi kuɗi. A lokacin yunwar 1984 aka fara babban aikin Keita da taimakon Italiya, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a gangaren tsaunuka don a ba su abinci, mata ne, domin mazan sun tafi bida, wato ci-rani. A ƙasar Ilela, wajen Badagishiri, manoma suka koyo gyaran tassa daga Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suna haƙa rami a ƙeƙasasshiyar ƙasa suna zuba taki, hatsi ya fito inda ko ciyawa ba ta tsira. Nan da nan fako ya shiga kasuwa, ana saye ana sayarwa. A gefen birnin Tawa kuma, gonar hatsi ta jiya ita ce filin gini na yau, ɗan bida ya aiko da kuɗi daga Abijan ko Libiya ya saya. Abin da kakannin sarakuna ba su ɗauka dukiya ba, shi ne yau dukiyar da 'yan'uwa ke zubar da jini a kanta.

Dokar da muke ƙarƙashinta yanzu ita ce ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa tsarin dokokin karkara, Kod Rural. Ta ce mallakar gargajiya da mallakar takarda darajarsu ɗaya, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye, inda mai gari ke shugabanta. A can ake ba da takardar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Dokar tana karɓar gadon da jama'ar wuri suka shaida, tana kuma karɓar gonar da sarki ya ba mutum bayarwa ta har abada. Ku lura da nauyin da wannan ya ɗora wa sarakuna. Su ne masu sulhu kafin a je gaban alƙali, su ne kuma ake tambaya abin da gari ya tuna. Idan mai wannan matsayi yana da nasa rabo a cikin gonar da ake gardama, talaka ba shi da wurin kai kuka.

Ni ba na cikin masu cewa a rushe sarauta. Na ga ƙauyukan da in ba don zauren sarki ba, da manomi da makiyayi sun hallaka juna. Gidan da ya tsallake jihadi, da hare-haren ƙarni na 19, da mulkin Nasara, da juyin mulki bayan juyin mulki, yana nan jama'a suna tuɓe masa takalmi, ba banza ba ne. Amma girman nan daga riƙon jama'a ya samo asali, kuma duk basaraken da ya mayar da kansa dillalin filaye, gadon kakanninsa yake sayarwa tare da filin. Hukuncina a kan tambayar da muka ɗauko ke nan: asalin gidan Agabba sarauta ce bisa mutane, gonakin Adar kuwa na waɗanda suka sare su ne, suka kuma raya su, ko Azna ne, ko baƙin da aka saukar, ko jikokin bayi.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Ku sa a zagaye makiyaya da burtali da mashaya a kafa musu alama tun kafin shuka, kada a jira sai an fitar da sanduna. Idan ƙara ta shafi gonar gidanku, ku miƙa ta ga wani ya saurara. Ku sa a rubuta abin da dattawan fada da na gidajen Azna suka sani game da iyakoki, bakin kowa da sunansa, tun suna raye.

Ku kuma 'yan'uwana manoma, kada ku ce ai kowa ya san gonar nan tamu ce. Waɗanda suka sani suna mutuwa. Wanda ya ba da aro ya rubuta aro ne, wanda ya karɓi jingina ya rubuta nawa ya bayar, a gaban shaidu. Ku ba 'yan'uwanku mata rabonsu na gona, Alƙur'ani ya yanka musu, ba alfarma ba ce, kuma da yawa daga fakon da ke ba ku hatsi yau a kansu aka ɗauko duwatsun gyaransa. Ɗan bida da ke jin mu daga nesa, kafin ka aiko da kuɗin fili, ka sa a tambayi Kofo ko mai sayarwa yana da ikon sayarwa. Kafin ruwan shuka ya sauka, kowa ya je wurin mai garinsu ya nemi takardar gonarsa.